Farfesan Ciyawa a Fadamar Shabu

Allah ya yi wa garin Lafia baiwa iri-iri, ga doya ga lemo ga shinkafa, amma a shekarar 1985 babu baiwar da ta kama ƙafar Malam Badaru, ƙaramin malamin gona da ke zaune a Bukan Sidi. Kwas na mako shida aka tura shi Kudu, ya dawo da ilimin shekara sittin. Ba ƙage muka yi masa ba, da bakinsa ya faɗa, kuma mutum mai ilimi irin nasa ai ba ya kuskuren lissafi.

Ya sauka a tasha da malafar Turawa, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da gilashin ƙara girma rataye a wuyansa kamar laya. Duk cikin tsirran da Allah ya shimfiɗa a duniya, guda ɗaya ya zaɓa ya zama gwaninta, wato ciyawar bakin ruwan nan da ake kira kimbar rafi, mai kumburarrun gaɓoɓi kamar gwiwar tsoho. Masu hassada sun ce ranar da aka koyar da ita ce kaɗai bai yi barci a aji ba. Mu dai ba ma sauraron masu hassada.

Kowace safiya a teburin mai shayi yake buɗe makarantarsa. Sai ya fara duba burodinsa da gilashi, ya gyaɗa kai, sannan ya gyara murya.

"Jama'a, ku ciyawa kuke gani, ni kuwa dangi nake gani. Wannan da kuke cewa kimbar rafi, mu masana Foligonam muke ce mata. Ku maimaita. A'a, kada ku maimaita, za ku ji wa harshenku ciwo. Sirrin gane ta ɗaya ne tak: gaɓa. Duk abin da ka gani da gaɓa, to ka tsaya ka kira ni."

Nan take gari ya naɗa shi. Wasu suka ce Farfesan Ciyawa, wasu suka ce Sarkin Gwiwa, 'yan acaɓa kuma suka tsaya a kan Dakta Foligonam. Duka ya karɓa da hannu biyu, don Farfesa mutum ne mai tawali'u, ba ya mayar da kyauta.

Ilimi kuwa ya yi aiki. A kasuwa ya tsaya gaban mai rake, ya ɗora gilashi a kan kara, ya sanar da cewa wannan ɗan uwan Foligonam ne na jini, a yi hattara. Masu saye suka watse, mai rake ya bi shi da wuƙar fere rake har bakin titi. Bayan kwana biyu maƙwabcinsa Nababa ya wayi gari ya tarar an kafa allo a tsakiyar gonar dawarsa, an rubuta: A DAKATA, ANA BINCIKE. Da wani dattijo ya miƙo masa yatsunsa ya ce shi ma ga gaɓoɓi a duba shi, Farfesa bai yi dariya ba. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sai ya tuntuɓi littafi.

Abu ɗaya ne kawai bai taɓa yi ba: shiga ruwa. Takalmin roban nan kullum sai ya sha man shafawa, yana walƙiya har ka ga fuskarka. Laka kuwa, a cewarsa, ta masu ƙaramin sani ce.

Ana nan cikin damina sai ga takarda ta iso ofis. Wata masaniyar tsirrai daga jami'a, Dakta Ursula, za ta zo tattara ire-iren kimbar rafi da ke fadamun Lafia, tana kuma neman wanda ya san su ya zama jagoran aikin na shekara biyu. Jagoran za a ba shi sabon babur.

Farfesa ya karanta kalmar babur sau bakwai. Kafin la'asar ya sa matarsa Zuwairatu ta ɗinka wa sirdin babur ɗin riga, ya kori kaji daga rumfar da za a riƙa ajiye shi, ya kuma yi wa Nababa albishir cewa zai riƙa rage masa hanya idan ya gyara halinsa. Sannan ya shirya babban makami. Akwai wani tsiro mai gaɓoɓi da ya tsinta a bayan ofis, ya dasa a gwangwanin madara, yana ba shi ruwa safe da yamma. Ya duba littafinsa kaf bai ga hotonsa cikin dangin Foligonam ba. Ma'ana dai a fili take: duniya ba ta san shi ba tukuna.

Ranar Talata da hantsi suka isa fadamar Shabu. Dakta Ursula gajeriyar mace ce mai silifas, ba ta da malafa ba ta da gilashi a wuya, abin da ya sa Farfesa ya ɗan tausaya mata. Can cikin shinkafa wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tibi mai suna Doofan tana cire ciyawa, ruwa ya kai mata ƙwauri.

"Malam Badaru," in ji Dakta, "an ce iri uku ne a nan. Ko za ka ciro min su?"

Farfesa ya tsaya a kan tudun kunya, ya miƙa sanda. "Ranki ya daɗe, masani ba ya cira, nunawa yake yi. Ga na farko can. Ga na biyu can. Na uku kuwa, ga shi can yana kaɗawa."

Na farko da na biyu reshe biyu ne na tushe ɗaya. Na uku shinkafar Doofan ce.

Dattijuwar ta miƙe, ta riƙe ƙugu. Ba wanda ya tambaye ta, amma ta taka nan, ta taka can, ta dawo da tsirrai uku tana ɗigar da ruwa, ta zube su a gaban takalmin Farfesa, wanda ya ja da baya da sauri.

"Madam, duba," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Kowane gwiwa yana da riga, kamar fatan albasa. Wannan babba, juya ganye, bayan shi fari ne da gashi kamar auduga. Wannan kuma kore ne sumul, murza shi, hannu zai yi rawaya, yana kama hannu. Wannan siriri, ganye kamar wuƙa, bakin rigan shi yana da gemu, fure shi ja-ja. Shekara talatin ina faɗa da su, na san su kamar 'ya'yana."

Dakta ta durƙusa a laka, ta murza ganye, ta duba yatsunta, ta hau rubutu da sauri.

"Daidai!" Farfesa ya daka tsawa. "Abin da nake shirin faɗa ke nan. Mama ta yi ƙoƙari, kin ji alamar wadda take sauraron laccata daga nesa. Amma, ranki ya daɗe, waɗannan tsofaffin yayi ne. Ga na huɗu."

Ya yaye ƙyallen da ya rufe gwangwanin madara kamar mai buɗe sabon asibiti.

"Ni na gano shi, ni na rene shi, ni kuma na raɗa masa suna: Foligonam badaruwensi. Ki duba gaɓa. Ki duba riga. Masana kan tabbatar da ɗanɗano, to bismilla." Ya tsinki ganye uku ya jefa a baki, ya lumshe ido yana tauna. "Ɗan yaji-yaji, da ƙamshin ilimi daga ƙasa."

Dakta ta ɗaga wani ganye da bakin alƙalami. Ƙarƙashinsa ga ɗan fure shuɗi shar. Ta buɗe baki za ta yi magana, amma Doofan ta riga ta, don dariya ta riga ta zaunar da ita daɓas cikin ruwa.

"Wayyo cikina! Oga, wannan ai balasa ne! Kowane safe ina yanka kwando biyu, aladena suna ci. Kai ma kana so? Zo gida, akwai da yawa!"

Farfesa ya daina tauna. Haɗiyewa ta gagara, tofarwa a gaban baƙuwa kuma ba girmansa ba ne. Haka ya tsaya da kumatu a cike har aka gama ɗaure samfura.

Bayan mako uku babur ya iso, ja, sabo dal, da takardar naɗa Doofan jagorar aiki. Sai dai dattijuwar ta ce ita ko keke ba ta taɓa hawa ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Ofis ya zauna ya yi shawara, aka ga akwai ma'aikaci ɗaya da ba shi da wani aiki takamaimai.

Saboda haka, jama'a, maƙiya sun ji kunya: Malam Badaru ya hau babur. Kullum da safe za ka gan shi a hanyar Shabu, ƙirji a gaba, yana ɗaga wa mutane hannu kamar gwamna. Idan an tambaye shi, sai ya ce mataimakiyarsa yake kaiwa fili. A bayansa kuwa Doofan ce zaune da kwandonta, da ta hango fadama sai ta ɗan buga masa kafaɗa.

"Direba, tsaya nan. Ka jira a inuwa, kada ka ci komai."