Wanda Zai Kwanta Ranar Asabar

"...lafiya lau, angona. Ya gajiyar biro? Wannan kuma wa ka sato min?"

Nana Hadiza ta ture tiren shinkafar da take tsincewa. Jikanta Badamasi ne ya shigo daga biro, wato ofishinsu, rungume da wani dogon abu a naɗe cikin leda, ƙafafu biyu farare fat sun leƙo ta ƙasa.

Shekarar korona ce. Duk wanda ciwon ya ɗauka a asibiti, sai a zuge shi cikin jaka a kai shi makwanci, ba wanka. Haka aka yi wa aminiyarta Rakiyatu. Nana Hadiza kuwa ita ce babbar matan da ke wanke mamata a unguwar New Bell, don Allah kawai. Badamasi, da ke aiki a wata ƙungiyar agaji, ya yi ta zirga-zirga har aka yarda: in an horar da matan tare da ma'aikatan ƙungiyar ranar Asabar, za a riƙa barinsu su yi sutura.

"Gawar Asabar ce, tsohuwa," in ji shi, yana yaye ledar. "Mutum-mutumin roba, irin na masu shagon tufafi. A kasuwar Kassalafam na aro."

Ta daɗe tana kallon fuskar da ba ido ba baki.

"Gunki. A gidan mijina marigayi Malam Wakili."

"Ba bauta masa za a yi ba, wanka za a koya a kansa."

"In tara matan da suka je Makka su durƙusa suna yi wa gunki alwala? Ko gwiwa ba ta lanƙwasuwa. Wallahi ko mace ɗaya ba za ta zo ba, ni ce ta farko a ƙin zuwa."

"In ba ku zo ba, magana ta mutu. Jaka za a ci gaba da zugewa."

"Na sani. Nemo mai rai."

Badamasi ya dube ta sama da ƙasa, kamar mai tayin akuya. "To ga ki. Kin fi kowa kusa da aikin. Ko shiri ba sai an yi miki ba."

Ta dafe ƙirji. "Ni kake yi wa fata da tsakar rana? Da wannan nauyin barcin nawa, a rufa min zane in yi shiru, ku ɗauka da gaske ne ku kira motar gawa."

"Munsharinki zai cece ki. Har can unguwar Bepanda ana jin sa."

"Wa zai koyar in na kwanta? Kai da ko kaza aka yanka sai ka tuna kana da aiki a waje? Kai za ka kwanta."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. "Ni? Namiji ne ni. Mace ba ta wanke namiji."

"Mata tana wanke mijinta, je ka tambayi liman. Tun ranar sunanka aka ce ga mijina, kuma na riga na yi wa na farkon, hannuna ya saba."

"Na sake ki. Saki uku."

"Ta wannan kunnen ka faɗa, shi ne toshasshen."

"Tsohuwa, ki ji tsoron Allah. Madam ɗin biro za ta zo, da likitoci. Ni na tsara taron nan, ni zan buɗe shi da Faransanci, da taye a wuya. Sai kuma a gan ni miƙe a tebur da auduga a hanci?"

"Ka buɗe da Faransanci, ka kwanta da Hausa. Tayen ma ya yi, da shi zan ɗaure maka haɓa."

Ya zauna a bakin baranda, ya riƙe kai. Can ya ɗago. "To shi ke nan. Amma mai wanka sai ta sa kayan kariya. Safar hannu, tabarau, takalmin roba, da farar riga haɗe da wando."

"Wando."

"Mai ƙafa biyu."

"Ni, Hadiza, a gaban maza, kamar mai feshin sauro?"

"Ba ni na kafa dokar ba. Wadda ba ta sa ba, ba ta taɓa gawa." Wannan karon babu wasa a muryarsa.

Nana Hadiza ta dafa gwiwa. Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Ya ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da farin yadi a ninke, yana ƙamshin turaren wuta, ta ɗora masa a cinya.

"Ka kawo wandon, babba, zan zumbula hijabi a kai. Wannan kuma da shi za mu naɗe ka. Likkafanina ne, da hannuna na tsoma shi a Zamzam."

Badamasi ya janye hannuwansa daga kai. "Iya..."

"Yau kuma ni ce Iya? Aro na ba ka. Kada ka yi min gumi a ciki, kuma ka dawo min da shi a ninke. Ina da tafiya."

Ya yi dariya, yana goge ido da bayan hannu.

"Na kwanta, amarya. Amma ki yi min a hankali, gawar tana jin cakulkuli."