Ku Ce Babur Ɗina Yana Rawa

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Kamfanin Sukun, masu yin ƙwayoyin daidaita taya, Gujranwala.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babban mutum, ni ne Munawwar Gondal, tela a Sahiwal, mai tsohon babur ɗin da surukina Tanwir ya ɗura wa ƙwayoyinku ta bawul ba da sanina ba, ina barcin rana. Ina taya ku murna, kayanku na aiki. Wannan shi ne ƙorafina.

Na ɗaya. Tun ranar da na sayi babur ɗin nan tayar gaba take rawa. Da na ɗan ja wuta sai kan ya kama karkarwa, madubi ya riƙa nuna mini mota uku a maimakon ɗaya. Na taɓa kawo muku kuka? Wa ya ce muku ina neman magani? Yanzu 'yan ƙwayoyin nan masu kama da gero sun bazu a cikin tayar, kowace ta sami gurbinta, babur yana tafiya sumul kamar na wani.

Na biyu, kuma a nan nake roƙon mai girma ya gyara zama. Gidanmu mutum goma sha wani abu ne: mahaifiyata, ƙannena, matansu, da yaran da har yau ban gama sanin na wane ne ba. Matata Shagufta ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta riƙe hannuna a gaban mutane. Amma duk Juma'a in zan kai ta gidan iyayenta, takan zauna a baya, ƙafafu gefe guda, ta tattare gyale. Da mun hau titin bakin kogi tayar ta fara halinta, sai ta dafa kafaɗata ta ce, “Baban Rubina, kashe mu za ka yi?” Hannun nan ba ya sauka sai ƙofar gidansu. Shekara ashirin da ɗoriya, ranka ya daɗe, abin da nake jira ke nan duk mako. Injiniyoyinku masu ilimi sun auna wannan kafin su daidaita ni?

Juma'ar farko bayan aikinku, ɓarar wake ta yi a bayana tun daga gida har can. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba. Na ji baƙin cikin da ban ji ba ranar da aka sace mini keken ɗinki.

Na uku. Na je wurin Ustad Fiyaz mai faci ya fitar da ƙwayoyin naku. Ya kalle ni ya ce, “Kai Munawwar, mutane na biya a zuba, kai ka zo a tsince? Ɗaya-ɗaya zan kira su da suna?” Na koma bin ramuka da gangan, sai ga Shagufta tana tambaya ko idona ne ya fara mutuwa.

To, Juma'ar da ta wuce, muna kan titin nan, babur shiru kamar an shimfiɗa tabarma, sai na ji hannu a kafaɗata. Ta ce, “Wannan abin naka har yanzu rawa yake yi.” Na ce, “Wallahi ni ma na ji.” Madubi kuwa mota ɗaya tak yake nunawa.

Matsalar ita ce ta maimaita zancen a gaban Tanwir muna cin abinci. Yaron nan ya tashi da kwalinku a hannu yana rantsuwa ba zai yiwu ba, zai rubuto muku ku aiko a gwada babur ɗin a gaban kowa da kowa. In aka gwada, ranka ya daɗe, da wace hujja za ta sake dafa ni?

Saboda haka ba na neman diyya, ba na neman sabuwar taya. In takardar Tanwir ta iso, ku dubi girman Allah ku amsa masa da tambarinku cewa a wasu tsofaffin babura, musamman ranar Juma'a, rawar ba ta ƙarewa. Ko da wasiƙar nan ta fito a jarida, kada ku damu da Shagufta za ta gani, shimfiɗa ta take yi a ƙarƙashin tukwane.

Naka mai biyayya, mai addu'ar Allah ya ƙara wa kamfaninku ciniki a kan baburan wasu,

Munawwar Gondal, tela,
Sahiwal.