Kwamfutar Da Ta Sha Hayaƙi

"Lahiya lau nike, sai dai kunyar miji irinka. Tun yaushe anka aika maka, sai yau kag ga damar zuwa, kuma hannu rabbana?"

"Yo in kawo maki mi? Tsire? Da wane haƙorin?"

"Da wanda nit tauna maka gyaɗa kana tsumma, marar kunyar wohi."

Haka Atika da jikanta Zayyanu suke gaisawa, wanda bai san su ba sai ya ruga kiran mai unguwa. Shi yana da shagon gyaran kwamfuta a Bodinga, ita tana Shagari, a gidan da mijinta Malam Ummaru ya mutu ya bar ta. Malam buga wa mutane takardu yake yi a bakin kasuwa, da ƙafa ta gaza ya dawo da kwamfutar gida, bayan rasuwarsa aka rufe ta a ɗakinsa. To damina ta tsaga bangon ɗakin, gobe za a rushe shi, kawun Zayyanu kuma har ya yi wa 'yan gwangwan alkawarin kayan. Abu ɗaya ya hana tsohuwar sakat: Malam ya taɓa ce mata ya sa muryarsa a ciki, ita kuwa ta wayi gari ta kasa tuna yadda muryar take. Wannan ya fi mata ciwo fiye da ciwon gwiwarta.

Rana ta take tsaka, unguwa ta yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Zayyanu ya kai hannu zai tura ƙyauren, Atika ta doke hannun.

"Yi sallama."

"Ga wa?"

"Ga masu ɗaki. Kullum war haka sai in ji abin ga shina gunaguni, awa mai bitar karatu."

"Abin da ya shekara da shekaru bai ga wuta ba? Kunnenki na, tsohuwa. Ya gaji da zama banza, ya kama sana'a."

"Kai dai yi sallama. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Ya yi, da dariya a bakinsa. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ɗakin sanyi gare shi kamar randa, alhali waje ƙasa ƙuna take. Buzun Malam na shimfiɗe inda ya bar shi. Kwamfutar na kan tebur, lulluɓe da zane, wani wari mai kauri ya cika wurin.

"Kaka, warin mi ag ga?"

"Hayaƙi. Kowace Alhamis nika yi mai, tazargade da ƙaro. In sa kasko nan gindin 'yan hujojin ga, in ruhe da zane don shi shiga da kyau."

"Innalillahi! Kwamfuta kika yi ma turare? Amarya ta?"

"Da ban yi ba, da yanzu abin da ac ciki ya hito ya shaƙe ni, ka zama gwauro."

"Da na huta. In samo yarinya mai haƙora."

"Wa za ta ɗauke ka, da wuya awa na zalɓe?"

Ya kinkimo akwatin kwamfutar zuwa inuwar darbejiya, ya koma ya rungumo allon, irin mai ƙaton ƙeyar nan. Atika ta jawo taɓarya.

"Hwara da wanga mai ido guda. Shi ka kallona in na shiga shara. Matsa in hwashe shi mu ga mi ac ciki."

"Aje taɓaryag ga! Wanga ko an cire shi ga wuta shina riƙonta ciki, awa ke da riƙon magana. In ko gilashin yah hwashe, hwuskarki za shi nema. Ba a buɗe shi nan, buhu za ni sa shi in tahi da shi shago."

"Ashe kai ma tsoro nai kaka ji."

"Tsoron Allah da na lantarki, ban jin kunyarsu."

Ya tuɓe agogo da zobe, ya je ya dafa ƙarfen ƙofa da tafin hannu kafin ya taɓa komai, wai don wutar jikin mutum ma tana kashe kayan ciki. Atika ta ce ita dai ta ga jikanta yana neman albarka wurin ƙyaure. Ya karɓi wata tasa a wurinta yana jefa kusoshin akwatin da yake kwancewa. Da murfin ya buɗe sai da ya ja da baya. Ciki baƙi ƙirin, danƙon hayaƙi ya bi komai ya liƙe, fankar ta daskare kamar an zuba mata madi. A kusurwa kuma ga gidajen zanzaro jere.

"Tabdi! Ga aljaninki nan, Kaka! Zanzaro na ka gini, ke kina yi mai hidima kowace Alhamis. Ko ni da nike mijinki ban samu haka ba."

Ya sa sukundireba ya ɓalle ɗaya. Ya ruguje a hannunsa ya zama gari. Na biyu ma haka. Babu tsutsa, babu ƙwai, yanar gizo-gizo ma ta toshe bakin ramukan. Hayaƙin ya kori masu gidan tun ba yau ba.

"Kaka, yaushe rabon da ki ji gunagunin?"

"Jiya."

Zayyanu ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakin, ya ɗan gyara zama ya ba ƙofar gefe maimakon baya.

"Mi af faru, jarumi? Bakin ya mutu?"

"Aiki nika yi. Ba a magana in ana hiɗa."

Ya zare wayoyi a hankali, ya ciro wani ɗan ƙarfe mai faɗin sabulun wanki, ya goge shi da gefen rigarsa.

"Duk abin da Malam ya aje, nan shike. Allah ya so ki a liƙe shike, hayaƙinki bai shiga ba. Amma ki ji gaskiya, ya tsuhwa. Shina iya tashi sau guda, shina iya ƙi."

"In yaƙ ƙi hwa?"

"Shi ke nan, Kaka."

A nan zolaya ta ƙare mata. Ta zauna a bakin tabarma ta haɗa hannuwa. Ya jona ƙarfen da laftof ɗinsa. Abin ya ce ƙas. Ya sake cewa ƙas. Zayyanu ya san wannan ƙarar, yawanci ita ce sallamar ƙarshe. Can sai ya ɗauki wani siririn kuka, ya juya. Bai tsaya duba komai ba sai da ya kwashe duka zuwa nasa. Cikin tulin takardun mutane ya tarar da murya guda ɗaya tak, ya danna.

Ƙarar janareta ce ta fara fitowa, sai gyaran murya.

"Bismillahi. To, shina ɗauka? Atika! Ke Atika!"

Tsohuwar ta toshe bakinta da hannu biyu. Ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba, kowa ya san wannan. Kuma tun da aka binne Malam babu wanda ya ƙara kiranta da sunanta, daga Inna sai Kaka.

Daga can nesa cikin na'urar wata mace ta ɗaga murya: "Ina zuwa! Tuwo na bisa wuta!" Ita ce, da sauran ƙarfinta.

Sai jira. Ana jin numfashin Malam, ana jin kaza tana ƙorafi a tsakar gidan nan da suke zaune. Jiran ya yi tsawo har Zayyanu ya ɗauka ya ƙare. Sai Malam ya yi 'yar dariya.

"Ba ta zuwa. Ba komi, ba ni sauri. Duk sadda tag gama, ina nan."

Muryar ta yanke. Ganyen darbejiya ko kaɗawa ba ya yi. Atika ta sauke hannuwanta, hawaye na bin tamojin fuskarta, ta dubi ɗakin, ba laftof ɗin ba.

"Na'am, Malam."

Zayyanu ya yi wuf ya kama hannunta, ya riƙe gam.

"Ke tsohuwa, janye na'am ɗin ga! Da aurena bisa kanki za ki amsa kiran wani? Ni ban sake ki ba, ba inda za ki!"

Ta dube shi, ta ga idonsa ya yi ja, da gaske tsoro yake ji. Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share ido da bakin zane.

"Ji ragon miji! To na ji, ka ci gida. Malam shi ƙara haƙuri, ai ka ji da bakinai ba shi sauri. Tashi ka kama jan zakaran can, naka na. Amma kahin ka tashi, sake kunna mani."