Jinjinar da Ba Tawa Ba

Ni fa jikan makaɗin kalangu ne, kuma duk wanda ya tsaya kusa da ni ranar Asabar ɗin nan a unguwar Peckham, can ƙasar Turawa, sai da na faɗa masa. 'Yan Cuba ne suka fito titi da kiɗan conga. Tunda nake ban taɓa jin kiɗa mai jan ƙafa irin nasu ba. Ga ganguna birjik, ga ƙarfen birkin mota suna bugawa kamar ƙararrawa, amma sai ka rantse mutum ɗaya ke kaɗawa.

Shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, ta ga ƙafata ta ƙi zama, sai ta miƙo mini ƙarfen. Matata ta ce, "Baban Amira, don Allah ka rufa mana asiri."

Na ce, "Abin a jini yake."

Kuma wallahi na kama. Da kiɗa ya yi zafi, dattijuwar ta ɗaga hannu a dunƙule. Na ce a raina, "Jinjina! Ta gane gidan da na fito." Na runtse ido na ƙara wuta.

Ashe a wurinsu dunƙulallen hannu na nufin kowa ya tsaya cak. Ganguna suka ɗauke lokaci guda, tsit, gwanin sha'awa. Saura ni kaɗai, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har direban bas ya leƙo.

Har yau, da na fara dogon bayani a gida, sai matata ta ɗaga hannu a dunƙule, Amira kuma ta ce, "Daddy, ba jinjina ba ce."