Yadda Alhaji Bawa Ya Sauke Kansa da Ɗan Yatsa

Akwai wani Alhaji Bawa a Funtuwa, shugaban ƙungiyar masu kiwon kifi, wanda tun da ya hau kujera ya manne mata kamar kaska. Ka kawo masa maganar rufin ofis, ya ce a bari sai bayan zaɓe. Ka kawo ta injin ruwa, sai bayan zaɓe. Zaɓen kuwa, wallahi yaran da aka haifa ana jiransa har sun shiga firamare.

Ƙungiyar tana da shafi a intanet, kuma mai kula da shi ita ce Injiniya Zulai, 'yar ƙungiya mai kiwon tarwaɗa. Alhaji ne da kansa ya sa aka maƙala wa shafin maɓallin murabus, wai ko sakataren da suke takun-saƙa zai yi zuciya wata rana ya danna. Har doka ya sa aka yi cewa duk wanda ya danna ya sauka ke nan, ba dawowa.

Wata rana Zulai ta same shi ta ce akwai ɓaraka. Shafin ba ya tambayar daga ina umarni ya fito. Muddin mutum ya shiga da sunansa bai fita ba, wani zai iya turo masa saƙo, yana latsawa wayarsa ta aika umarni ba da saninsa ba, shafin kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ta ce maganin abin shi ne a riƙa sa wa kowane umarni hatimin sirri wanda shafin kaɗai ya sani, amma doka ta hana a taɓa shafin sai da izinin shugaba. Alhaji yana cin gyaɗa, ko kai bai ɗago ba, ya ce a bari sai bayan zaɓe.

Shi kuwa bawan Allah bai taɓa fita daga shafin ba, don kullum sai ya leƙa hotonsa da ke sama. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga saƙo daga wata baƙuwar lamba: an fitar da gwarazan shugabanni na jiha, a latsa nan a ga wanda ya zo na ɗaya. Alhaji ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya latsa. Bai ga komai ba sai hoton wani ƙaton kifi. Ya sake latsawa ko zai ga kansa, kifin dai.

Kafin la'asar waya ta fara ruri. Wannan ya ce Allah ya saka da alheri, wancan ya ce bai taɓa ganin dattaku irin wannan ba. Sakatare har da ƙwalla. Da Alhaji ya gane wai murabus ya yi, sai ya zari babbar riga ya nufi gidan Zulai, ya same ta tana watsa wa kifi abinci.

"Injiniya, ni ban danna komai ba, kifi kawai na gani!"

"Ai ɓarakar da na faɗa maka ke nan, Alhaji. Kai ka ga kifi, shafi ya ga murabus."

Ya sassauta murya, ya ce yau ya yarda da maganarta ɗari bisa ɗari, ta soke murabus ɗin, ta toshe ɓarakar, ta sa hatimi ko guda goma ne, ya ba ta izini.

Zulai ta karkaɗe hannu, ta russuna cikin ladabi.

"Allah ya ja da ranka, izinin shugaba doka ta ce, kuma yanzu ba mu da shi. A bari sai bayan zaɓe."