Ranar da Ladabi Ya Sa Na Kashe Mutum Huɗu

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar jarrabawar baka ta lasisin injiniyan jirgin ruwa ba. Shekara tara ina shan baƙin mai a ɗakin inji kafin mu dawo London da zama. Na ci rubutacciyar jarrabawa, likita ya sa hannu, na yi kwas ɗin kashe gobara. Saura wannan kaɗai. In na ci, na zama ofisa. In na faɗi, sai in ci gaba da goge inji har a sake ba ni rana.

Ta bidiyo aka yi. Na zauna a kicin ɗin gidanmu da ke unguwar Catford, riga a goge da lakatayi (ƙasa kuwa wandon barci ne, Allah Ya yafe mini). Matata Habiba ta laɓe a bayan ƙofa tana jan carbi.

Mai jarrabawar Bature ne, furfura fat, sa'an babana. Ina ganinsa na gyara zama cikin ladabi. Mu fa an rene mu a kan cewa ba a yi wa babba musu.

Tambayoyin farko na amsa su tiryan-tiryan. Can sai ya gyara tabarau ya ce da Turanci, "Wuta ta ci ƙarfinku a ɗakin inji, mutanenka huɗu suna aiki. Sai ka saki gas ɗin kashe gobara nan take, ko?"

Wallahi na san amsar. Gas ɗin nan shaƙe mutum yake yi. Sai an fitar da kowa, an ƙirga su, an rufe kafofin iska. Amma dattijo ya ce "ko?" Kafin ƙwaƙwalwata ta motsa, na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, yallaɓai."

Ya ajiye biro. "Ka kashe mutum huɗu ke nan."

Tarko ne ya ɗana mini, ni kuwa na shiga har da sallama.

Ana kashe bidiyon Habiba ta faɗo. "Baban Sadiya! Ni kullum musu kake mini ko a kan gishirin miya. Yau da ake neman musun sai ka zama waliyyi?"

Na jawo kwanon shinkafa na cinye abina.

A karo na biyu na ci, alhamdulillahi, yanzu ina aikina lafiya lau. Na dai gane cewa a ɗakin inji gas ba ya tambayar wa ya girmi wa.