Kabejin Nafi'u Masani

Wani ɗalibi ne aka yi a tsangayar noma lokacin da muke jami'a, ana ce masa Nafi'u Masani. Shi ya raɗa wa kansa sunan. In kuka zauna wajen mai shayi, kafin a soya maka ƙwai ya ƙera injina uku da baki. Amma gonar gwaji ta makaranta, ko hanyarta bai sani ba.

A shekarar ƙarshe aka haɗa shi rukuni ɗaya da Barira da Isiyaku, aka ce su gwada wani sabon taki na ƙaiƙayin shinkafa da kashin kaji. Su biyun nan suka sha rana har suka yi baƙi. Fangali biyu na kabeji suka yi. Ɗaya an zuba masa takin, ɗaya an bar shi da gangan ba ko ƙwaya, don a ga bambanci. Ranar da malamarsu Dakta Rakiya ta yi wannan bayani, Masani yana gidan kallon ƙwallo.

Sai ga sanarwa: wani babban farfesa zai zo duba ayyuka, wanda ya burge shi za a kai shi baje kolin bincike a Abuja. Nan take Masani ya farka. Ya ce shi zai yi jawabi, tunda Allah bai ba abokansa baki ba. Ya ɗinka sabon kaftani, ya ari akwati, ya bi ɗakunan kwanan ɗalibai yana tambayar kowa tsarabar da yake so.

Ana gobe farfesa zai zo, da tsakar rana, ya ce bari dai ya leƙa gonar nan. Fangali na farko shar, kabeji ya naɗe kai gwanin sha'awa. Na biyu kuwa duk ya tsumbure, ganye rawaya, abin tausayi. Ya ce wato ragwayen nan so suke su kunyata shi gaban baƙi.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya tare mai A-daidaita sai kasuwa, ya zaɓo kabeji manya-manya, kowanne ya kai kan mutum. Ya dawo ya tuge tsumburarrun ya watsa a kwata, ya jera na kasuwa, ya tura musu ƙasa, ya yayyafa ruwa. Ya koma ɗaki yana fito.

Washegari gona ta cika. Barira na ganin fangalin ta dafe ƙirji. Ta jawo hannun rigarsa za ta yi magana, ya fizge, ya ce ta bari manya su yi aiki. Ya ja farfesa kai tsaye wajen ƙattin kabejin.

"Ranka ya daɗe, wannan da hannuna na yi shi. Ba wanda ya taya ni."

Farfesa ya gyara tabarau, ya tambayi wanne ne fangalin da aka zuba wa taki. Dakta Rakiya ta nuna fangali na farko, muryarta ƙasa-ƙasa.

"To, madalla. Ke nan bincikenku ya nuna takin nan hana kabeji girma yake yi."

Isiyaku ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kaina da nake kallo sai da na ji tausayinsu.

Farfesa ya sunkuya zai duba ganye. Yana taɓawa, kabeji ya biyo hannunsa cak, ba saiwa, gindinsa fes da yankan wuƙa. Ya taɓa na kusa, shi ma ya gangara ƙwal-ƙwal har gaban takalmin shugaban tsangaya.

Masani ya yi wuf ya ce: "Sabon iri ne, ranka ya daɗe."

Kafin ya rufe baki, sai ga Barira ta fito daga kwata da tsumburarrun kabejinta a hannu, saiwa na ɗigar da laka. Ta yi bayani daki-daki, idonta jawur. Ita aka rubuta wa Abuja. Mai akwati ma a wurin ya ce a kwashe kayan Masani, ya ara mata.

Farfesa ya juyo, ya ɗora wa Masani kabejin a kan sabon kaftaninsa.

"Riƙe sabon irinka, ɗana. In ka koma kasuwar, ka ce su ba ka saiwar."